Jijjigar yara: abin da bika da ɓera suka koya wa likitoci

Daga tsakiyar damana zuwa ƙarshen kaka, lokacin da gero ya fid da kai, tabkuna suka cika, sauro ya yawaita, masassara takan mamaye garuruwan ƙaramar hukumar El Alasan Mairairai, a gundumar Mayahi, kamar yadda take mamaye na gundumar Tasawa da sauran ƙasar Maraɗi. Mafi yawan yaran da ta kama sukan warke. Amma a cikinsu akwai wanda jikinsa zai yi zafi rau, idanunsa su juye, haƙoransa su datse, hannu da ƙafa su shiga karkarwa ba tare da ya san inda yake ba. Wasu na kiran abin jijjiga, wasu taune-taune, tsofaffi kuwa sukan ce bugun tsuntsu ne. A ƙasar Mali ma Bambarawa da sunan tsuntsu suke kiran wannan ciwo, abin da ke nuna cewa tsoron daɗaɗɗe ne, kuma ba na Hausawa kaɗai ba ne.

Ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati ba baƙi ba ne ga wannan al'amari. Mai babur ko mai mota shi ake buga wa ƙofa cikin dare a ce ya taimaka a kai yaro likita, mai kanti shi ake roƙo rancen kuɗin mai, malamin lakwal kuwa shi zai haɗu da yaron bayan shekara biyar ko shida, a kan benci, yana karanta abu yau gobe ya manta. Tambayar da iyaye kan yi in yaro ya farfaɗo ɗaya ce: shin abin ya wuce ke nan, ko ya bar tabo a cikin kai? Babu likitan da zai sa jariri jijjiga da gangan don ya auna sakamakon. Saboda haka ne masana suka koma ga dabbobi, kuma sun yi sama da shekara hamsin suna wannan aiki.

Gajeruwa da doguwa ba ɗaya ba ne

Kafin a shiga labarin dabbobi, wajibi ne a raba hatsi da tsakuwa. Yaro mai wata 6 zuwa shekara 5, in jikinsa ya yi zafi, yana iya yin jijjiga ta minti ɗaya ko biyu, ta tsaya da kanta, ya yi barci, ya tashi ya nemi nono. A Turai da Amurka yara 2 zuwa 5 cikin 100 sukan yi irin wannan. A shekarar 1976 likitoci biyu na Amurka, Karin Nelson da Jonas Ellenberg, suka bayyana abin da suka gani bayan sun bi yara 1,706 da suka yi jijjigar zazzaɓi: zuwa shekara 7 da haihuwa, kimanin 2 cikin 100 ne kawai suka zama masu farfaɗiya. Da suka gwada basirar yaran da ta ƴan uwansu na ciki ɗaya, ba su ga bambanci ba. A Ingila ma, a shekarar 1998, an sake tabbatar da hakan a kan yaran da aka haifa a 1970 aka bi su har suka kai shekara 10: a karatu da ɗabi'a daidai suke da tsaransu.

Wannan labari ne mai kwantar da hankali, kuma gaskiya ne. Sai dai an samo shi a ƙasashen da ba su da zazzaɓin cizon sauro, ba su da annobar sanƙarau, kuma motar asibiti na isa ƙofar gida cikin ƴan mintoci. Inda ya fi kama da Mayahi shi ne Kilifi, a gaɓar tekun Kenya. A can, a shekarar 2008, likitocin asibitin gunduma suka ƙirga doguwar jijjiga sau 388 a tsakanin yaran da aka kwantar. A 274 daga ciki, cuta ce mai kama jiki ta jawo ta, zazzaɓin cizon sauro na kan gaba. Yara 15 cikin 100 sun rasu a asibiti, alhali a arewacin birnin Landan adadin bai wuce 3 cikin 100 ba. Waɗanda suka fita da lahani kuwa sun fi yawa a cikin ƴan ƙasa da shekara ɗaya, da waɗanda sukarin jininsu ya faɗi. Wanda ya ga halin da yaran Maraɗi suka shiga a yunwar 2005 ya san cewa faɗuwar sukari a jikin yaro mai tamowa ba abin nesa ba ne.

Bikan Kazamans

Abin mamaki, daga Afirka ta Yamma aka samo dabbar da ta fara ba da amsa. A shekarar 1966 wani masani Bafaranshe na birnin Marsai, Robert Naquet, tare da abokan aikinsa biyu Amurkawa, suka lura cewa wani irin bika, wato gwaggon biri, da ake kamowa daga yankin Kazamans na Senegal, in aka haska masa fitila mai walƙiya sai ya kama jijjiga. Daga nan wannan bika ya zama ɗan gida a ɗakunan binciken farfaɗiya.

A 1973 wani Bature ɗan Ingila, Brian Meldrum, da abokan aikinsa suka yi wa matasan bika allurar wani sinadari mai tayar da jijjiga, suka bar ta tana tafiya, suna auna jini da numfashi da zafin jiki. Suka ga abin ya kasu gida biyu. A cikin rabin awa na farko jiki na kare kansa: bugun jini ya hau, sukari ya ƙaru, jini na kwarara zuwa ƙwaƙwalwa fiye da kullum. Bayan wannan sai ƙarfi ya fara ƙarewa: bugun jini ya sauka, sukari ya ragu, zafin jiki ya yi ta hawa. Bikan da suka yi jijjiga ta tsawon minti 82 zuwa 299, da aka duba ƙwaƙwalwarsu, an tarar da matattun ƙwayoyi a wurare da dama.

Gwaji na biyu ya fi na farko muhimmanci. Meldrum ya ba wasu bika maganin da ke sanyaya tsokoki har ba sa iya motsi, ya haɗa su da na'urar numfashi, ta yadda jiki ba ya karkarwa, ba ya yin zafi sosai, iska kuma tana isa. A ido dabbar na kwance lafiya, amma na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa na nuna guguwar na ci gaba a ciki. Lahanin ya ragu, bai kau ba. Wani sashe da ake kira hipokamp ya lalace duk da haka. Ma'ana, zafi da rashin iska na ƙara ɓarna, amma ita kanta guguwar wutar, in ta daɗe, ta isa ta kashe ƙwayar ƙwaƙwalwa, kamar yadda injin niƙa ke ƙonewa in an bar shi yana gudu ba hutu.

Shi hipokamp ɗan sashe ne mai lanƙwasa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, can ciki daura da kunne. An ba shi sunan wani ɗan kifin teku mai kai irin na doki, saboda kamanni. Shi ne magatakardan ƙwaƙwalwa: da shi mutum ke ajiye abin da ya faru ɗazu, da shi yake gane hanya. Falke da ya san wace rijiya ke biye da wace a hanyar Damargu, da mai awo da ta riƙe bashin mutum ashirin a kai ba takarda, duk da shi suke aiki. Tun ƙarni na 19 likitoci suka san cewa a ƙwaƙwalwar masu wata irin farfaɗiya wannan sashe yakan ƙanƙance ya taurare. Daga aikin Meldrum ne aka ɗauki minti 30 a matsayin iyakar da jijjiga ke zama haɗari ga ƙwaƙwalwa.

Ƴaƴan ɓera sun ruɗi masana

Bikan Meldrum matasa ne, ba jarirai ba. Don a san halin jariri sai aka koma ga ɓera, wanda wasu ke kira kusu, domin yana haihuwa da yawa, yana girma cikin wata biyu, kuma ƙwaƙwalwarsa a kwana 10 da haihuwa ta yi kusa da ta jaririn mutum ta fuskar girman sassanta.

A farkon shekarun 1980 sakamakon ya zo da daɗi. Ƙungiyar Yehezkel Ben-Ari a Faransa da ta Solomon Moshé a Niyok, kowace a nata ɓangare, suka ba ɓeraye wani sinadari mai tayar da doguwar jijjiga. Babban ɓera ya fita da hipokamp a lalace. Ɗan ɓera mai ƙasa da sati biyu kuwa, ko da yake ya fi saurin kamuwa, jijjigarsa ma ta fi muni a ido, da aka duba ƙwaƙwalwarsa sai aka tarar ƙwayoyin na nan da ransu. Shekaru da dama ana koyar da ɗalibai cewa ƙwaƙwalwar jariri na da saurin kamuwa amma tana da wuyar lalacewa. Ba kowa ya yarda ba. Tun 1976 Claude Wasterlain ya nuna cewa doguwar jijjiga a kwanakin farko na rage girman ƙwaƙwalwar ɗan ɓera, amma maganarsa ba ta yi rinjaye ba a lokacin.

Kuskuren shi ne an tsaya ga ƙirga gawa. Gari na iya tsira daga hari ba a kashe kowa ba, amma a tarar an karkatar da hanyoyinsa, an toshe wannan rijiya, an buɗe wancan ƙofa. Ƙwaƙwalwar jariri gini ne da ake kan yi, kowace rana ana shimfiɗa sababbin hanyoyi tsakanin ƙwayoyi, kuma wutar da ke bi ta cikinsu ita ke nuna wace hanya za ta zauna, wace za a share. In guguwa ta shigo a wannan lokaci, ita ma tana zana nata hanyoyin.

Don a gane hakan sai da aka sami hanyar yi wa ɓera jarrabawa. A 1981 Richard Morris, a ƙasar Sikotilan, ya ƙirƙiro ta: babban kwano cike da ruwa mai farin launi, a wani wuri cikinsa an nutsar da ɗan dandamali wanda ba a gani. Ɓera ya iya iyo amma ba ya so, saboda haka yakan yi ta nema har ya taka dandamalin. Lafiyayyen ɓera, bayan ƴan kwanaki, yana lura da taga da bango ya nufi wurin kai tsaye. A 1998 Gregory Holmes, tare da Ben-Ari, suka sa ƴaƴan ɓera jijjiga sau da yawa cikin kwanakinsu na farko, suka bar su suka girma. A keji ba wanda zai bambanta su da sauran: suna ci, suna gudu. A cikin kwano kuwa sun fi jinkirin koyo. Da aka duba hipokamp ɗinsu, ƙwayoyi ba su mutu ba, amma jijiyoyinsu sun yi tsiro zuwa inda bai kamata ba. A wannan shekarar dai, Raman Sankar da Wasterlain suka nuna cewa da wani sinadarin dabam, in jijjigar ta yi tsawo sosai, ƙwayoyin ɗan ɓera mai sati biyu ko uku ma suna mutuwa, kuma wasunsu na zama masu farfaɗiya.

Wanda ya fi kusa da halin yaran karkara shi ne aikin Tallie Baram, likitar yara a jami'ar Kalifoniya da ke Irvine. Ita ba ta yi amfani da guba ba, da zafi ta yi. Akan sa ɗan ɓera mai kwana 10 ko 11 cikin tulun gilashi, a hura masa iska mai ɗumi har zafin jikinsa ya kai wajen digiri 40 zuwa 41, kamar na yaro mai masassara mai tsanani, sai ya kama jijjiga. A 2006 Céline Dubé da Baram suka bayyana cewa cikin ɓerayen da suka yi jijjiga ta wajen minti 24, kashi 35 cikin 100 sun koma yin farfaɗiya da kansu bayan sun girma, ba zafi ba komai. A 2010 suka tsawaita ta zuwa wajen minti 64. Adadin ya kai kashi 45, kuma abin da ya fi ɗaukar hankali, farfaɗiyar waɗannan ta fi tsawo ta fi tsanani nesa ba kusa ba. Sun gano cewa wasu ƴan ƙofofi da ke jikin ƙwayar ƙwaƙwalwa, masu daidaita shigar wuta da fitarta, sun sauya hali na tsawon lokaci, kuma wani sinadarin kumburi da jiki ke fitarwa lokacin zazzaɓi ya daɗe a hipokamp na waɗanda suka kamu.

Ɓera ba yaro ba ne

Mai karatu ya lura da ɗayan gefen lissafin: fiye da rabin ɓerayen Baram ba su yi farfaɗiya ba, ko bayan awa guda. Kuma minti 24 a rayuwar dabbar da ke balaga cikin wata biyu ba lallai ya yi daidai da minti 24 na ɗan Adam ba. Ta wani gefen kuma, ɓeran ɗakin bincike ƙoshasshe ne, ba shi da ƙarancin jini, ba shi da ƙwayar cuta a jijiyoyin kansa. Yaron Urafan ko na Kanambakashe yana iya haɗa duka ukun.

An gwada maganar a kan yara a Amurka, ba ta hanyar jawo ciwo ba, ta hanyar bin waɗanda ya riga ya same su. Daga 2003, ƙarƙashin jagorancin Shlomo Shinnar, aka tara yara 199 da suka yi jijjigar zazzaɓi ta minti 30 ko fiye, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu da na'urar IRM cikin kwanakin farko. A 22 daga cikinsu an ga alamar rauni a hipokamp. An sake ɗaukar hoton 14 daga waɗannan bayan wajen shekara guda, 10 sun nuna irin taurarewar nan da aka sani a masu farfaɗiya. Ashe abin da aka gani a bika da ɓera yana faruwa ga yara, amma ga kaɗan daga cikinsu.

A Afirka lissafin ya fi nauyi saboda zazzaɓin da ke hawa kai. A Mali, a 2006, Edgard Ngoungou da abokan aikinsa na Bamako da Limoj suka kwatanta yara 101 da suka tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa da yara 222 da suka yi wanda bai taɓa ta ba. Farfaɗiya ta fi yawa a rukunin farko wajen ninki tara. A birnin Blantyre na Malawi, a 2010, Gretchen Birbeck ta bi yara 132 da suka tsira: 12 sun zama masu farfaɗiya, alhali cikin yara 264 da aka kwatanta su da su babu ko ɗaya. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne waɗanda suka yi jijjiga a lokacin ciwon da waɗanda zafin jikinsu ya fi hawa. A nan akwai gardamar da ba ta ƙare ba tsakanin likitoci: jijjigar ce ta yi ɓarnar, ko alama ce kawai ta ƙwaƙwalwar da cuta ta riga ta kumbura? A kan yaro ba a iya raba biyun. Amfanin dabba ke nan, domin ɓerayen Baram lafiyayyu ne kafin a hura musu iska, ba abin da ya same su sai zafi da jijjiga.

Magani ma yana da agogo

Akwai wani sakamakon da ya kamata a rubuta a bangon kowane ɗakin likita. A 1997 Jaideep Kapur da Robert Macdonald suka auna yawan diyazepam, wanda aka fi sani da Valium, da ake buƙata don tsayar da jijjigar ɓera. In ta yi minti 45, abin da ake buƙata ya kai wajen ninki goma na wanda ya isa a minti 10. A 2005 aka gano dalili: maganin na aiki ne ta wasu makama da ke bayan ƙwayar ƙwaƙwalwa, su ne birkinta, kuma yayin da jijjiga ke tafiya ƙwayar na janye waɗannan makama zuwa cikinta. Magani ya iso ya tarar ba wurin kamawa. Shi ya sa a 2015 ƙungiyar duniya ta masana farfaɗiya ta kafa iyaka biyu: jijjigar da ta kai minti 5 da wuya ta tsaya da kanta, a fara magani; wadda ta wuce minti 30 na iya barin lahani mai ɗorewa.

Sai a ɗora waɗannan mintoci a kan rairayin arewacin Mayahi. Amalanken shanu ba ya wuce kilomita 4 zuwa 5 a awa. Garin da ke kilomita 10 daga cibiyar lafiya ta CSI yana nesa da ita da awa biyu, ban da lokacin neman mai shanun, da shawarar dangi, da jiran maigida in ya tafi ci-rani. A shekarun 2010 wajen rabin al'ummar Nijar ne kawai ke zaune cikin kilomita 5 daga wata cibiyar lafiya. In abin ya fi ƙarfin anfirmiye, sai asibitin gunduma a Mayahi ko a Tasawa, daga can kuma sai Maraɗi. Kuɗin man babur da aka tsaya ciniki a kansa a tsakar dare ya fi tsada in an biya shi da mintoci.

Kada kuma a ɗauka dura magani shi ne mafita. A Kilifi, a shekarar 2000, Jane Crawley ta gwada yi wa yara masu zazzaɓin da ya hau kai allurar fenobarbital, wato Gardénal, tun kafin su yi jijjiga. Yara 340 ne. Jijjiga ta ragu ƙwarai, amma mutuwa ta ninka: 18 cikin 100 a waɗanda aka yi wa allurar, 8 cikin 100 a sauran, musamman inda aka haɗa da Valium sau da yawa, domin magungunan biyu na danne numfashi, asibitin kuma ba shi da na'urar taimakonsa. A Amurka, a 1990, an ga cewa yaran da aka ɗora a kan fenobarbital kullum don rigakafin jijjigar zazzaɓi sun yi ƙasa da tsaransu da wajen maki 8 a gwajin basira bayan shekara biyu, ba tare da an ga kariya a fili ba. A 2002 kuma, a Jamus, aka nuna cewa waɗannan magunguna na kashe wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar ɗan ɓera sabon haihuwa. Ƙwayar da ake saye a tire a kasuwa, ba awo ba lissafin nauyin yaro, ba ta da wuri a nan.

Abin da ke hannun mutanen gida kaɗan ne, amma ba ƙarami ba. A kwantar da yaro a kan gefensa don yawu ya fita, a kau da shi daga murhu da ruwa, a rage masa tufafi, a shafa masa ruwa mai ɗan ɗumi. Cokali ko yatsa da ake cusawa a baki na karya haƙori, ba kuwa wanda ke haɗiye harshensa. Rubutu ko jiƙo da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu yake tafiya. Hayaƙin turare na rage masa iskar da ya fi buƙata, ƙafar da aka kara a wuta kuwa ƙuna ce ake ƙara masa. Addu'a ba ta hana tafiya, ana iya yinta bisa babur. Sannan wani ya duba agogon salula ya riƙe lokacin da abin ya fara, domin ita ce tambayar farko da ma'aikacin lafiya zai yi, kuma a idon uwa minti biyu kamar awa ne. Ko ta tsaya da kanta, a tsarin kula da yara na hukumar lafiya ta duniya, OMS, jijjiga alamar haɗari ce da ke wajabta a kai yaro a duba jininsa a ranar.

Mafi arha dai shi ne kada zazzaɓin ya zo. Tun 2006 hukumomin Nijar suka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, ko da yake jinkirin biyan cibiyoyi ya sha barin kantocinsu ba kaya. Daga 2013 aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damana ga yara masu wata 3 zuwa 59, wata-wata, kuma amfaninsa na ga wanda ya shanye na kwana ukun. A 2024 aka shigo da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ga wanda ciwon ya riga ya tsananta, gwajin da aka yi a kan yaran Afirka 5,425 ya nuna a 2010 cewa allurar artesunat ta fi kinin ceton rai: 8.5 cikin 100 suka rasu maimakon 10.9. Sanƙarau, wanda ya kama wajen mutum 250,000 ya kashe 25,000 a yankin Sahel a 1996 da 1997, an karya nau'insa na A da allurar da aka fara a 2010, amma nau'in C ya kama sama da mutum 8,000 a Nijar a 2015.

Saura yaron da ya tsira. Wani zai tashi garau. Wani sai bayan wata shida ko shekara biyu a ga yana faɗuwa ba zazzaɓi, ko yana ƙura ido yana tauna baki na ɗan lokaci bai san an yi ba. Daga nan sai a ce iska ce, a ware masa ƙwarya, a hana yara wasa da shi don tsoron yawunsa, a cire shi daga lakwal, in mace ce aure ya yi wuya. Yawun mai farfaɗiya ba ya ɗauke da komai. OMS ta ƙiyasta masu wannan ciwo a duniya sun kai miliyan 50, kuma 7 cikin 10 na iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai, amma a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba sa samu. A nan, ga wanda likita ya tabbatar yana da farfaɗiya, shi wannan Gardénal ɗin, da ake amfani da shi tun 1912, yana cikin magunguna mafi arha, muddin ana sha kullum ba a yanke shi kwatsam.

Game da lakwal kuwa, ƙungiyar Holmes ta yi wani gwaji a 2002. An sa ƴaƴan ɓera masu kwana 20 doguwar jijjiga, sannan aka raba su biyu. Wasu aka mayar da su keji na kullum, wasu aka riƙa sa su cikin babban wuri mai kayan hawa da ɓuya da wasa, tare da ƴan uwansu. Bayan wata guda aka kai su kwanon Morris. Raunin da ke cikin ƙwaƙwalwar rukunin biyu bai bambanta ba, amma waɗanda suka yi wasa cikin jama'a sun riga sauran gano dandamalin.